Zoben Baiko Da Maƙerin Fari

Jama'a, a watan jiya wata tsohuwar ɗalibarmu ta zo mana da hawaye. Zoben baikon da saurayinta ya aiko daga Jamus ne ƙofar mota ta datse, ya tsage. Ta kai wa wani maƙerin fari a nan Kumasi, shi kuwa ya liƙe tsagar da dalma. Ga biki saura wata biyu.

Da muka duba cikin zoben sai muka ga an buga Pt 950, wato filatinam ne, kashi 950 cikin 1000. To, nan gizo ke saƙar. A ma'aunin Salshiyos azurfa tana narkewa a digiri 962, zinariya a 1064, amma filatinam sai 1768. Gawayi da zugazugi ba sa kaiwa can. Sai na'urar leza, ko wutar gas mai oksijin, ita ma bayan an cire daimon ɗin, don yana iya ƙonewa. Dalmar kuwa sai an kankare ta tas, in ba haka ba ta shige jikin ƙarfen ya yi gautsi.

Mun ce ta gaya wa saurayin tukuna, sannan a nemi ƙwararre a Akra. Gaya masan ne ya fi ba ta tsoro.