Bakaniken Zango Da Takardar Shaida

A watan jiya wani saurayi na unguwarmu ya zo zauren Liman, ya roƙe mu mu rubuta masa wasiƙa. Shekararsa tara yana gyaran manyan motoci a Magazin ta Suame, nan Kumasi. Ya ji wani kamfani mai jigilar kaya daga Tema zuwa Wagadugu yana neman kanikawa, ya tafi. Ko sifana ba su bar shi ya taɓa ba, sai suka ce ina takardarsa. Muka rubuta cewa mun san shi, mun san ubansa, yaro ne mai amana. Suka amsa da ladabi, suka ce shaidar hali sun karɓa, amma shaidar sana'a su ke nema. Aka ɗauki wani.

Abin nan ya tsaya mana a rai ƙwarai, gama ba shi kaɗai ba ne. Kakanninmu da jakuna suka zo ƙasar nan neman goro. Da mota ta karɓe aikin jaki, 'ya'yansu suka zama direbobi da kanikawa. Tun zamanin Turawa maƙera da masu gyara su ke taruwa a Magazin, har jami'ar KNUST ta ga ya kamata ta buɗe musu wurin koyon sababbin dabaru a cikinta a 1980. Ba wanda zai ce mutanenmu ba su iya ba. Bakaniken da ya saba da Bedford ko Marsandi 911, da kunne kawai ya ke gane ciwon inji.

To, amma zamani riga ne. Motocin da ke shigowa yanzu, irin su DAF da MAN da Scania da Howo, yawancinsu kwamfuta ce ke auna musu mai. Ku dubi wannan misali. Iskar da ke cikin tayar tirela ba ta wuce kimanin bar 8 ko 9 ba, amma sabon injin dizal yana fesa mai da ƙarfin da ya kai bar 2,000. Inda ƙarfi ya kai haka, ɗan ƙura kaɗan ya isa ya kashe nozul. Waɗansu kuma sai an zuba musu ruwan AdBlue don tace hayaƙi, in ya ƙare mota ta rage gudu da kanta. Irin wannan inji sai an jona masa na'ura ya faɗi ciwonsa, da lamba da rubutu. Wanda bai iya karatu ba sai ya yi ta canza kaya bisa zato, mai mota yana biya.

Mun ji abin da waɗansu manyan kanikawa ke cewa, wai takarda ba ta ɗaure noti. Gaskiya ne, kuma mun ga masu satifiket da ba su san gaban inji da bayansa ba. Amma mu da ba mu yi boko ba, mun san malami ya kan ba almajirinsa ijaza, ya ambaci wanda ya karantar da shi, domin in ya je garin da ba a san shi ba a yarda da shi. Takardar sana'a ita ce ijazar bakanike. Mutanen layinku sun san hannunka, amma manajan ma'adinai a Obuasi ko Tarkwa bai san ka ba, kuma ba zai damƙa motar dubban kuɗi ga wanda ba shi da mai tsaya masa ba.

Hanya kuwa a buɗe ta ke. Tun 1970 Gwamnati ta kafa NVTI, wadda ta riƙa jarraba masu koyon sana'a da aikin hannu da tambaya da baka. A 2020 aka sake tsari, sha'anin shaidar sana'a ya koma hannun hukumar CTVET. Matakai 8 ne, daga shaidar gwaninta ta ɗaya da ta biyu har zuwa digiri na ƙoli. An kuma tanadi hanyar auna wanda ya koya a gareji, a ba shi matakin da ya cancanta ba sai ya koma aji ɗaya ba.

Kada ku ce a nan kaɗai a ke wannan. Wani ɗan Zango da fatauci ya kai shi Maleshiya, ya sauka a unguwar Bukit Bintang ta Kuala Lumpur, ya ba mu labarin cewa can ma haka ne. Dokarsu ta 2006 ta tsara shaidar sana'a mai matakai 5, kuma tsohon ma'aikaci yana iya kawo shaidar aikin da ya yi a auna shi. Ƙasar Musulmi ce, ba su ɗauki takarda abin gudu ba.

Saboda haka muna da roƙo uku. Iyayen gida na gareji, ku sallami yaranku su je jarrabawa, kada ku riƙe yaro shekara goma don tsoron kada ya fi ku; ɗaukakarsa sunanku ne. Iyaye, kuɗin da a ke kashewa ran bikin yaye yaro daga koyo, a rage wani abu a biya masa rajista. Ku kuma samari, ku koyi karatu da lissafi ko da dare ne, gama wanda ya haddace allo ba zai kasa lambobin na'ura ba. Muna ba Ƙungiya shawara ta buɗe ajin dare don wannan, mu ma za mu zauna a sahun gaba.

Yaron da muka ambata ya ce zai yi rajista. Allah ya ba shi sa'a, ya sa na baya su gane, amin. Wassalam.