Maƙwabtan Da Ba Sa Gaisawa: Marubuta Da Masu Zane A Zazzau

Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Kufena da hantsi, kafin ƙura ta tashi, ya san yadda ƙasar Zariya kan shimfiɗu a gabansa kamar tabarma. Ga Wusasa a kusa, ga Birni da ragowar ganuwarsa, ga Tudun Wada, can nesa kuma ga Samaru. A cikin wannan ɗan fili da ido ɗaya ke iya ɗauka, Allah Ya tara wa Hausawa gidaje biyu na arziki waɗanda babu wani gari a Arewa da ya haɗa irinsu: gidan ɗab'i da makarantar zane. Abin takaici, fiye da shekara sittin ke nan suna zaman maƙwabtaka, amma da ƙyar suke gaisawa. Wannan shi ne abin da muke son mu yi magana a kansa, kuma ba za mu rufe laifin kowa ba, har da namu.

Bari mu fara da gidan farko. A Zariya ne Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta Rupert East ta shirya gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, aka kuma samu Jiki Magayi a wannan zango. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Alhaji Abubakar Imam yana edita. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Duk ɗan makarantar da ya karanta Hausa a boko, to ya sha daga rijiyar Zariya, ko ya sani ko bai sani ba.

Gida na biyu kuwa shi ne sashen koyar da zane da sassaƙa na tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wanda aka ɗauko daga Ibadan aka kawo Zariya a 1955, ya kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A cikinsa ne wasu samari suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda daga baya aka riƙa kira 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu ba na makami ba ne. Cewa suka yi ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawan da ke koyar da su kurum ba, kowa zai koma gida ya ɗebo zanen kakanninsa ya gauraya da abin da ya koya a aji. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo.

To, ina suka kai wannan fasaha? Wani sashe nata cikin littattafai ya shiga. Uche Okeke ya yi wa Things Fall Apart na Chinua Achebe zane. Onobrakpeya ya yi wa No Longer at Ease, ya kuma yi wa An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1962. Masu nazari sun daɗe suna magana a kan yadda labarin wannan littafi na Ekwensi ya yi kama ƙwarai da na Jiki Magayi. Ku duba wannan al'amari, jama'a! Labari mai ƙanshin ƙasar Hausa, da ya fito cikin Ingilishi, ya samu mai zane ɗan makarantar Zariya wanda duniya ta san sunansa. Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cikin dubban littattafan Hausa da aka buga, mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan mai zane guda uku ba tare da ya sosa ƙeya ba?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu fayyace irin zanen da muke nufi, domin da yawa daga cikinmu da zarar an ce zane sai su ɗauka ado ne, irin furen da ake sa wa a gefen katin biki. Muna magana ne a kan zanen da ke rakiyar rubutu a jarida ko mujalla ko littafi, wanda aikinsa shi ne ya karanta maƙala ya ba da nasa ra'ayi da layi da inuwa. Ɗalibin da ake koya wa wannan sana'a yadda ya kamata, rubutu ake fara miƙa masa kafin alƙalami. Zai karanta, ya sake karantawa, har ya gano ƙashin bayan zancen. Daga nan ya yi 'yan ƙananan zane-zane na gwaji, goma ko fiye, kowanne bai fi tafin hannu ba, ya zubar da waɗanda suka maimaita abin da marubuci ya riga ya faɗa, ya riƙe wanda ya ƙara wani abu. Sai ya nuna wa edita, su yi jayayya, ya gyara, ya gama kafin lokacin kai aiki maɗaba'a. Dole kuma ya san halin takarda da tawada: ya san cewa inuwa mai laushi kan dagule a takardar jarida mai arha, baƙin layi tsayayye kuwa yakan fita sarai. Wato kenan rabin wannan aiki karatu ne, rabi kuma horo da ƙa'idar lokaci.

Kada kuma wani ya raina ƙarfin wannan sana'a. A Faransa, a 1832, an ɗaure Honoré Daumier wata shida saboda zane guda da ya yi wa Sarki Louis-Philippe. A nan gida, Akinola Lasekan ya yi shekaru yana yaƙar mulkin mallaka da zanensa a jaridar West African Pilot ta Dokta Azikiwe. Naji al-Ali, Bafalasɗine, ya ƙirƙiri wani yaro mai suna Hanzala wanda kullum yake juya wa mai kallo baya, an kuwa harbe mai zanen a Landan a 1987. A zamaninmu ma, mun ga yadda zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust kan zagaya wayoyin mutane, har waɗanda ba su karanta sharhin da ke gefensa ba. Gani ya kori ji. A ƙasar da miliyoyin jama'a ke jin Hausa amma karatun boko ke yi musu nauyi, wanda ya yi sakaci da zane ya rufe wa kansa ƙofa mafi faɗi.

Kwanakin baya mun je baje kolin ayyukan ɗalibai masu kammala karatu a ɗaya daga cikin makarantun garin nan. Mun ga hannaye masu kyau, wallahi. Wata ɗaliba ta yi zane a kan ƙarancin ruwa: famfo ne gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, a ƙarƙashinsa kuwa layin jarkoki ya miƙe har ya fita ta ƙofar ganuwa. Babu kalma ko ɗaya a jiki, amma duk Bazazzagin da ya taɓa jiran ɗan garuwa da asuba ya gane. Da muka tambaye ta wace jarida ta buga, sai ta yi murmushi ta ce malaminta kaɗai ya gani, ya ba ta maki. Muka tambayi wani saurayi, Bahaushe haifaffen Birni, wane littafin Hausa ya taɓa yi wa zane a matsayin aikin aji. Ya ce ko ɗaya. Rabonsa da littafin Hausa ma tun Magana Jari Ce a firamare.

Ga ƙorafinmu ke nan ga masu koyarwa. Ta yaya za a horar da mai zane a tsakiyar ƙasar Zazzau, ya shekara huɗu, ya fita bai taɓa kokawa da shafi ɗaya na rubutun Hausa ba? 'Yan 1958 gida suka koma suka ɗebo. Ɗan Hausa kuwa ba sai ya hau mota ba, gidan na nan a bakin ƙofarsa. Ga masallacin Juma'a na Birni, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, da bakan gizonsa da zanen da ke jikin ginshiƙansa. Ga zanen gini a fuskar zaurukan Birni da Tudun Wada, inda magina suka riƙa fito da dagi da takobi har da keke. Ga aska biyu da aska takwas a wuyan riga. Ga zayyanar allo ta masu sauka. Duk waɗannan harshe ne na ido, mai nahawunsa, kuma ana ta rushe wasu daga cikinsu ana maye gurbinsu da bulo da siminti, ba tare da ɗalibi ya zo ya kwafa ba.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu marubuta laifinmu ya fi yawa. Lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, masu zanen allunan shaguna da jikin motoci ne suka rufa mana asiri da bangon littafi. An raina aikinsu, amma aƙalla hannun ɗan Adam ne, kuma 'yan matan da suke zanawa sun yi kama da 'yan matan unguwarmu. Me muka saka musu da shi? Na goro muke ba su, sunansu ma sau da yawa ba ma sakawa. Da kwamfuta ta zo, sai muka watsar da su muka koma yanko hotunan taurarin fina-finan Indiya muna mannawa. Yau kuwa da labarai suka koma Wattpad da WhatsApp da Facebook, ƙirƙirarriyar basira muke sa wa ta haɗa mana hoto cikin minti ɗaya. Sai ka ga labarin Ƙofar Doka, amma rawanin jarumin na Indiya ne, gidan babu zaure, amaryar kuma ba ta taɓa ganin lalle irin namu ba. Mu da muke kuka kullum cewa ana gurɓata al'ada, da hannunmu muke liƙa gurɓatar a fuskar littattafanmu.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Na farko, za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne takarda ta yi tsada, kuma marubuci da aljihunsa yake buga littafi. Amma wanda ya iya kama zauren taro ranar ƙaddamarwa, ya ɗauko maroƙi da mai ɗaukar hoto, ya raba lemo, bai isa ya ce ba shi da abin sallamar ɗalibin da zai yi masa zane biyar ba. Biki na yini ɗaya ne, zane kuwa yana nan muddin littafin na nan. Araha ba ta ado.

Na biyu, za a kawo maganar addini, kuma ba mu ɗauke ta da wasa ba. Hukuncin surar abu mai rai magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kuma sanannen abu ne a mazhabar Malikiyya cewa an bambanta tsakanin sassaƙe mai inuwa da zane a shimfiɗe a kan takarda. Mu ba masu fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da za mu ce kawai shi ne, wanda ya zaɓi ya kauce wa zana fuska, fili bai ƙare masa ba. Zanen famfon nan da muka ambata babu mutum ko ɗaya a ciki. Abin mamaki kuma, wasu masu kawo wannan hujja su ne ke manna hoton 'yar fim a bangon littafinsu ba tare da ɗar ba.

Na uku, za a ce na'ura ta riga ta kashe sana'ar, don haka a bar yara su nemi wata. Na'ura tana harhaɗa abin da aka riga aka zuba mata ne, kuma abin da aka zuba mata game da mu kaɗan ne, mafi yawa ma idon baƙo ne ya gano shi. Ba ta taɓa zama a zaure ta ji yadda dattijo ke gyaran murya kafin ya ƙi ba da 'yarsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ba mu horar da 'ya'yanmu su zana mu ba, to haka za a ci gaba da zana mu da kamannin wasu, jikokinmu kuma su ɗauka haka muke.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Wannan mujalla ta ware wa ɗaliban zane gurbi a kowace fitowa, a ba su maƙala ko gajeren labari tun da wuri, a biya su komai ƙanƙantarsa, a rubuta sunansu daidai da na marubuci. Rassan ƙungiyarmu su riƙa gayyatar su zaman karatu na wata-wata, su zo da takarda da fensir su zana abin da suka ji. Malaman zane su sa aƙalla littafin Hausa ɗaya cikin ayyukan aji a kowace shekara, su kuma tura ɗalibai cikin Birni su kwafo zanen gine-gine kafin damina da 'yan kwangila su gama da su. Malaman sashen Hausa, su da ke tsakiya, su zama 'yan aiken wannan sulhu. Marubuci kuwa ya koyi haƙuri da mai zane idan ya fahimci labarinsa ta wata fuska dabam, domin abokin aiki ne, ba yaron aike ba.

Daga Samaru zuwa Tudun Wada tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Mu ne muka fi buƙata, don haka mu ya kamata mu fara yin sallama. Allah Ya sa masu gida su amsa, Ya kuma ba mu ikon gyarawa.