Ƙwayar Kasuwa Ba Iri Ba Ce: Shawara Ga Masu Noman Waken Soya A Manchok Da Kewaye

Gabatarwa

'Yan'uwa manoma da malaman gona, waken soya ba baƙo ba ne a Kudancin Kaduna. Tun kafin kamfanonin mai da masu haɗa abincin kaji su fara rububinsa, matan yankin Kafanchan suna sarrafa shi su yi daddawa a madadin kalwa. Yau ga awara, ga madara, ga kunun yara, ga kuma 'yan kasuwa da ke bin ƙauyuka da buhuna. Dalilin wannan farin jini shi ne ƙwayarsa tana ɗauke da sinadarin gina jiki kimanin kashi 40 cikin 100, da mai kimanin kashi 20.

Duk da haka, yawancin manomanmu ba su wuce tan ɗaya a kadada, alhali akwai irin da kan ba da tan biyu ko fiye in ya sami kulawa. Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina aikin gonakin gwaji, shi ne babban giɓin yana ga irin da muke shukawa. Manomi kan kashe kuɗi a huɗa da taki da maganin ciyawa, amma in an zo ga iri sai ya auno mudu biyar a kasuwa, bai san sunansa ba, bai san shekararsa ba.

Abin da na gani a gona

Wata kaka na ziyarci wani manomi a wani ƙauye kusa da Manchok. Gonarsa ta yi kyau da damina, amma girbi ya yi masa jinkiri na mako biyu, domin a lokacin zuwa gona mai nisa sai an yi taka-tsantsan. Da muka shiga da tsakar rana, muna jin kwanso yana fashewa, ƙwaya ta baje a kwarin kunya. Maƙwabcinsa, wanda ya shuka irin da ba ya saurin fashewa, ya yi jinkiri iri ɗaya, amma wakensa yana nan a tsaye yana jiransa. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, aikin ma kusan ɗaya. Bambancin yana cikin halin da kowane iri ya gada.

Yadda aka gyara waken soya

Irin da aka daɗe ana nomawa a Nijeriya shi ne wanda ake kira Malayan, wanda aka shigo da shi a 1937 ya kuma karɓu a ƙasar Tibi. Yana da dogon zango, amfaninsa kaɗan ne, kwansonsa kuma yana fashewa. Irin da aka riƙa kawowa daga Amurka suna da yabanya, amma suna da matsala biyu a nan: ƙwayarsu tana mutuwa a ajiya kafin damina ta zagayo, kuma saiwarsu ba ta jituwa da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasarmu, waɗanda ke taimaka wa wake ya samo sinadarin naitirojin daga iska.

Daga shekarun 1970 masana a cibiyar IITA ta Ibadan suka shiga haɗa aure tsakanin waɗannan iri da wasu na Asiya masu jure yanayi mai zafi. Daga nan aka samo dangin irin da sunansu ke farawa da TGx. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da Samsoy 1 da Samsoy 2 a shekarun 1980. Samsoy 2 ya yaɗu sosai, sai dai yana fashewa kuma cutar ɗigon ganye tana kama shi. A 1992 aka fitar da TGx 1448-2E, mai nuna cikin kwana 115 zuwa 120, wanda ba ya saurin fashewa, ga yawan ganye mai gyara ƙasa. Manoman Jihar Kaduna da yawa shi suka riƙe har yau.

Sai kuma cutar tsatsa ta ɓullo a Nijeriya a 1999. Iska ce ke ɗaukar ta, tana son laima da raɓa, tana sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo ja ta ƙarƙashi, ya kaɗe kafin ƙwaya ta cika. Cutar ta isa Barazil a 2001, ta shiga Amurka a 2004, wato ba mu kaɗai ta dama ba. In ta yi tsanani takan cinye fiye da rabin amfani, kuma TGx 1448-2E ba ya jure ta. Saboda haka IITA tare da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, wadda ita ce ke da alhakin binciken waken soya a ƙasar nan, suka fitar da TGx 1835-10E a 2008, sannan TGx 1987-10F da TGx 1987-62F a 2010, dukansu masu jure tsatsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ci shekaru, sau da yawa takwas zuwa goma, ana haɗawa, ana zaɓe, ana gwadawa a wurare daban-daban. Abin takaici ne a gama wannan wahala, irin kuma ya tsaya a ɗakin ajiya na cibiya.

Me ya sa Manchok ta fi buƙatar kula

Yankin Manchok da Kagoro da Kafanchan yana samun ruwa mai yawa, damina kan kai har cikin Oktoba. Wannan alheri ne, amma shi ne yanayin da tsatsa ta fi so. Akwai kuma wani tarko da nake son malaman gona su lura da shi. TGx 1835-10E yana nuna cikin kwana 90 ko ɗan fiye. Wanda ya shuka shi farkon Yuni zai girbe shi a tsakiyar ruwan Satumba, ƙwaya ta yi baƙi, ta yi fumfuna, ba ta tsira baɗi. Irin ba shi da laifi, lissafin kwana ne aka kuskure. Ka ƙirga daga ƙarshen damina ka dawo baya: mai dogon zango a shuka shi a Yuni, mai gajeren zango a jinkirta shi zuwa Yuli, don nunarsa ta dace da ɗaukewar ruwa.

Mu kuma tuna abin da ya sami citta a 2023 a Kachia da Jaba da Kagarko. Shekara da shekaru ana maimaita tafin giwa da yatsun biri, da cuta ta zo sai ta share gonaki a damina ɗaya. Kada mu jingina noman waken soya a kan iri ɗaya tak, ko da ingantacce ne, domin ita ma tsatsa tana sauya kama, jurewar yau ba ta har abada ba ce.

Ƙorafin manoma

Na sha jin ana cewa ingantaccen iri yana da tsada. Gaskiya ne ya fi ƙwayar kasuwa kuɗi. Amma kadada ɗaya kilo 50 zuwa 70 take ci, kuma waken soya da kansa yake yi wa kansa barbara, ba kamar masarar aure ba. Wanda ya sayi iri mai kyau ya kuma tsare shi daga gauraya, zai iya ɗibar iri daga gonarsa har damina biyu ko uku kafin ya sabunta. In aka raba kuɗin a kan waɗannan shekaru, araha ce.

Wasu kuma sun ce sun taɓa sayen iri a leda mai kyau amma bai tsira ba. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, irin jabu yana yawo. A saya a wurin da aka sani, a duba takardar shaidar Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa da sunan irin da shekarar da aka noma shi.

Akwai masu tambaya ko waɗannan su ne irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin bincike. Duk waɗanda na ambata a sama ta hanyar haɗa furen wannan waken soya da na wancan aka same su, sannan aka zaɓi 'ya'yan da suka fi. Aiki ne irin wanda kakanninmu suka yi da dawa da acca, sai dai an yi shi da awo da rubutu.

Laifinmu mu masu bincike

Ba manomi kaɗai ke da gyara ba. Mun daɗe muna auna iri da nauyin buhu kawai. Wata mai yin daddawa ta taɓa ce mini irin da muke yabo ba ya saurin dahuwa, yana cinye mata itace, mai awara kuma girman ƙwaya da haskenta da yawan madara take dubawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ina ganin duk gonar gwaji da za a kafa a wannan yanki, a gayyaci waɗannan mata ranar zaɓen iri, a ba su su dafa su faɗi ra'ayinsu. Irin da mai sarrafawa ta ƙi, kasuwar ƙauye ma za ta ƙi shi.

Abin da ya kamata a yi bana

Kafin shuka, a ƙirga ƙwaya 100 a shuka a gefen gida, a yi ban-ruwa, a duba bayan mako ɗaya. In 85 ko fiye suka tsira, irin yana da kyau. In ba su kai 60 ba, a nemi wani. Ƙwayar waken soya tana saurin mutuwa a zafi da laima, wadda ta kwana damina biyu a ɗaka ba abin dogaro ba ce.

A sa takin Supa lokacin shuka, domin ingantaccen iri ba ya nuna halinsa a ƙasar da ba ta da sinadarin fosfaras. A girbe da zarar yawancin kwanso ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Wanda za a ajiye don iri a sussuke shi a hankali a kan tamfol, domin ƙwayar da ta tsage ba ta tsira. A shanya shi sosai, a ajiye a wuri mai sanyi bisa katako, ba a ƙasa ba.

Malaman gona kuma, ku kafa ƙaramin fili inda za a shuka irin manomi gefe da gefe da sababbi biyu ko uku, a bakin hanya inda kowa zai gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku taimaki ƙungiyoyin manoma su koyi noman iri da kansu, don kada mutumin Manchok ya riƙa zuwa Zariya ko Jos neman abin da gonarsa za ta iya ba shi.

Kammalawa

Gonar da aka noma waken soya mai kyau takan bar wa masarar baɗi ƙarfi, takan kuma rage wuta-wuta. Ke nan zaɓen iri na bana ya shafi hatsin da iyali za su ci shekara mai zuwa. Kafin ruwan shuka ya sauka, ka tambayi malamin gonar yankinka sunan irin da ya dace da gonarka, ka gwada tsirarsa, ka kuma rubuta ranar da ka shuka. Allah ya ba mu damina mai albarka.