Matan da Suka Riƙe Sarautar Faransa Amana

Yau za mu leƙa tsohuwar Faransa, domin akwai abin da muke ganin ya cancanci a tsaya a yi tunani a kansa.

A ranar 8 ga Nuwamba 1226 Sarki Louis na Takwas ya rasu, ya bar ɗansa mai shekara 12. Mahaifiyar yaron, Blanche ta Kastil, ba ta ɓata lokaci ba. Cikin mako uku ta kai shi birnin Reims aka naɗa shi a matsayin Louis na Tara, ita kuma ta zama mai riƙon ƙwarya. Manyan hakiman ƙasar suka ga gadon sarauta a hannun mace baƙuwa, 'yar ƙasar Sifaniya, sai suka yi mata tawaye, har da ƙanin mahaifin yaron, Philippe Hurepel. Da ƙarfi bai yi musu aiki ba, sai suka koma ga makamin da aka fi jefa wa mace: ƙazafi. Suka yaɗa cewa tana neman wakilin Fafaroma. Ba ta girgiza ba. Wasu ta shawo kansu da sulhu, wasu da mayaƙa, kuma a 1229 aka ƙulla yarjejeniyar Paris wadda ta kawo ƙarshen yaƙin kudancin ƙasar. Da ɗanta ya tafi yaƙi Masar a 1248, ita ya sake bar wa ƙasa, ta riƙe har rasuwarta a 1252.

Bayan shekara ɗari biyu da 'yan kai, tarihi ya maimaita kansa. Louis na Goma Sha Ɗaya ya rasu a 1483, magajinsa Charles na Takwas yana ɗan shekara 13. Yayarsa, Anne de Beaujeu, ita da mijinta suka riƙe mulki. Ɗan uwansu Louis na Orleans ya ɗaga mata takobi, aka kama shi a fagen daga a 1488. A 1491 ƙanin nata ya karɓi ragamar mulkinsa.

Ga abin da muke gani. Tun daga 1316 Faransa ta rufe wa mata ƙofar gadon sarauta. Wannan ne ya sa ake ganin ba su da haɗari: baffa na iya kwaɗayin rawanin maraya, uwa ko yaya kuwa ba ta da hanyar ɗaura shi. Wato an hana su sarautar, amma an ɗora musu nauyinta. Mu dai ba mu ga adalci a nan ba.

Ba mu ce ba su da aibi. An san Blanche da takura wa surukarta, matar ɗanta, takurar da ta wuce misali. Sai dai ba a auna mai riƙon amana da farin jininsa. Ana auna shi ne da tambaya ɗaya: da mai abu ya girma, ya tarar da abinsa cif-cif? Louis na Tara ya tarar, Charles ma ya tarar.

Kafin mu yi saurin raina macen da aka bar wa marayu da dukiya, mu tuna waɗannan biyun. Muna jiran ra'ayoyinku.