Lokaci Ya Yi Da Za A Sauke Wa Fasto Jakar Kuɗi

Akwai wata magana da muke yi a gindin bishiya bayan an tashi daga sujada, amma da an shiga taron majalisa sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, wato maganar yadda ake tafiyar da kuɗi da ma'aikata a ikilisiyoyinmu. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa. Ra'ayina shi ne, duk ikilisiyar da ta girma har ta ɗauki ma'aikata ta kuma buɗe asusu a banki, ya wajaba ta keɓe mutum guda wanda aikinsa shi ne gudanar da ofis, sa'an nan a cire hannun babban fasto daga ƙirga kuɗi da ajiye su. Yin haka zai kare mutuncin fasto, ya kuma kare sunan Ubangiji a idon maƙwabta.

Bari mu duba inda muka fito. Masu bisharar farko na SIM sun sauka Ikko a 1893, na SUM kuma suka isa Wase a 1904. A tashar mishan ta wancan zamani, mutum ɗaya shi ne mai wa'azi, shi ne malamin makaranta, shi ke ba da magani, shi ke riƙe da akwatin kuɗi. Da aka kafa ECWA a 1954, aka kuma kafa TEKAN a 1955, shugabanci ya fara dawowa hannun 'yan ƙasa, muka kuwa gaji wannan ɗabi'a ta ɗora wa mutum ɗaya kome da kome. A ikilisiyar ƙauye mai 'yan gidaje kaɗan abin bai dami kowa ba, gama kowa ya san abin da ya shiga faifan baiko. Amma a yau ikilisiyar birni a Kaduna ko Jos ko Abuja tana yin sujada biyu ko uku ran Lahadi, tana da makarantar firamare, da motar bas, da injin wuta, wata ma har da shagunan haya. Kiɗa ya canza, mu kuwa muna nan muna taka tsohuwar rawa.

Gaskiya ne tsarin mulkin yawancin ikilisiyoyinmu ya tanadi magatakarda da ma'aji da dattawa. Sai dai waɗannan bayin Allah aikin sa kai suke yi. Wani ma'aikacin gwamnati ne, wani ɗan kasuwa, wata malamar asibiti. Ran Lahadi ake ganinsu, sai kuwa ran taron wata. Daga Litinin zuwa Asabar kome yana kan fasto. Shi zai bi magini, shi zai sayo man injin, shi zai sasanta mai gadi da mai shara, shi zai je banki ya tsaya a layi. Ran Asabar da dare ne zai buɗe Littafi Mai Tsarki a gajiye ya nemo abin da zai ciyar da garke da shi. Mara lafiya yana kwance a asibiti ba a gaishe shi ba, ma'aurata suna dab da rabuwa ba wanda ya zauna da su, domin makiyayi yana wurin mai sayar da siminti. Sa'an nan mu ne za mu koma gida muna gunaguni cewa wa'azi ba shi da nauyi.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, Littafi Mai Tsarki kuma bai bar mu cikin duhu ba. A Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune yana shari'a tun safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'a, ya ba shi shawara ya naɗa amintattu a kan dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a kan rabon abinci ga gwauraye, manzanni suka sa jama'a su zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus, domin su kansu su duƙufa ga addu'a da koyarwa. A lura, gunagunin farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima a kan rabon kaya ne. Manzanni ba su ce wa jama'a su yi shiru ba, tsari suka gyara.

Game da kuɗi kuwa, a karanta 2 Sarakuna sura 12. Shekara da shekaru kuɗin gyaran Haikali yana shiga hannun firistoci, har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba a gyara kome ba. Sai Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye shi kusa da bagade, in ya cika kuma magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Daga nan ne aiki ya tafi. Manzo Bulus ma, da ya tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, bai ɗauki jakar shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya nuna akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu ya yi tafiyar tare da su, domin kada kowa ya sami abin zargi. Idan Bulus bai yarda a bar shi da kuɗi shi kaɗai ba, wane ne a cikinmu zai ce ya wuce a bincike shi?

To, mene ne abin yi? Na farko, a ƙirga baiko nan take a majami'a, da mutum uku aƙalla waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, a riƙa sauya su, su sa hannu a takarda, a kai kuɗin banki kashegari. Na biyu, kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, wanda ya amince da kashewa kuma kada ya zama shi ne zai je sayayya. Yanzu da mutane da yawa ke aiko da ushiri ta waya, kada a taɓa karɓarsa ta asusun wani mutum, ko da na fasto ne. Na uku, a yi kasafi a farkon shekara, a karanta rahoto a gaban jama'a duk wata uku da Hausa mai sauƙi wadda tsohuwa a Zumuntar Mata za ta gane, a kuma kawo mai binciken kuɗi daga waje sau ɗaya a shekara. Na huɗu, a ɗauki mai gudanarwa, ko fasto ne mai ilimin wannan fanni ko ɗan ikilisiya mai tsoron Allah, a rubuta masa aikinsa dalla dalla, da wanda zai ba rahoto.

Babban aikin wannan mai gudanarwa shi ne kula da ma'aikata, wurin da muka fi gazawa. Mai gadi, da direba, da mai buga takardu, da malaman makarantarmu, da yawansu an ɗauke su da baki ne kawai, babu takarda, babu ranar hutu, albashi kuma sai an ga abin da ya rage. In sun yi magana sai a ce musu aikin Ubangiji ne. A Nehemiya sura 13, Lawiyawa da mawaƙa sun bar Haikali sun koma gonakinsu domin an hana su rabonsu, Nehemiya kuwa shugabanni ya tsawata wa, ya kuma naɗa amintattu a kan ɗakunan ajiya. A 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Dokar fansho ta 2014 kuma ta tsara mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ko da a ce waɗannan dokoki ba su hau kan ƙaramar ikilisiya ba, lamiri ya hau kanta. Abin kunya ne mu shimfiɗa tayil a majami'a alhali mai bisharar da muka aika ƙauye yana bin mu albashin wata uku, ko tsohon fasto ya sauka daga aiki ba shi da ɗakin da zai sa kansa.

Na san za a ce wannan tsarin duniya ne, ikilisiya kuwa ba kamfani ba ce. Haka ne, amma misalan da na kawo duka daga Littafi Mai Tsarki suke, kuma a 1 Korantiyawa sura 12 an lissafta iya gudanarwa a cikin baye-bayen da Allah ya ba ikilisiya. Wasu za su ce ba mu da kuɗin ɗaukar ƙarin ma'aikaci. Ikilisiyoyi uku ko huɗu na gunduma ɗaya suna iya haɗa kai su ɗauki akawu guda, akwai kuma 'yan fansho a cikinmu da suka yi shekaru suna aikin banki da baitulmali, suna zaune a benci ba wanda ya neme su. Tsoron da ya fi ƙarfi shi ne kada a sami sarki biyu a gari ɗaya. Wannan tsoro yana da dalili, domin an sha ganin mai riƙe da kuɗi ya mai da kansa ubangidan fasto. Maganinsa shi ne rubutacciyar iyaka: fasto ne shugaba a koyarwa da kiwon garke da alkiblar ikilisiya, mai gudanarwa yana aiki a ƙarƙashinsa, su biyun kuma suna ba majalisar dattawa lissafi.

Mu tuna da abin da ya faru a 2020, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya idan aka sami almundahana. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ta fito ta ƙi amincewa, tana da hujja kuwa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ikilisiyar da littattafanta suke a buɗe ga 'ya'yanta ita ce take da bakin cewa gwamnati ta tsaya a waje.

Saboda haka ina kira ga makarantunmu na tauhidi, irin su TCNN a Bukuru, da JETS a Jos, da ta Kagoro, su ƙara ba darasin gudanarwa da lissafin kuɗi nauyi. Ina kira ga majalisun gundumomi su sa wannan magana a ajandar taronsu na gaba. Ku kuma iyayenmu fastoci, ku ne ya kamata ku fara neman a sauke muku wannan jaka, tun kafin wani ya nuna ku da yatsa a kan abin da ba ku ci ba. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amanar gidansa. Amin.