Sabuwar Dikoda: Me Za Ta Tsinana Wa Mutanen Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa?

Kusan kowace shekara, musamman idan kakar ƙwallon ƙafa ta Turai ta ƙarato a watan Agusta, kamfanonin talabijin na biya kan cika mana kunne da tallar dikoda. Wannan ta fi waccan fitar da hoto, waccan ta fi wannan yawan tashoshi, wata kuma an karya farashinta. Mai sauraro a Abuja ko Legas yana iya jin tallar ya shiga shago ya saya ba tare da dogon tunani ba. Amma malamin makaranta a Ƙanƙara, ko ɗan kasuwar hatsi a Sheme, ko saurayin da ya haɗa jarinsa ya buɗe gidan kallo a Sabuwa, lissafinsa daban ne, domin kuɗin da zai fitar gumin damina ne ko albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Saboda su makalarmu ta wannan mako za ta duba abin da sababbin na'urorin ke iya yi, da abin da ba za su iya ba a irin ƙasarmu.

Bari mu fara da ba su haƙƙinsu. Misalin da ya fi nuna inda kamfanonin suka sa gaba shi ne Explora Ultra, wadda kamfanin MultiChoice mai DStv ya fara fitarwa a Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarar 2020. Kamar sauran danginta na Explora, tana da rumbun ajiya a cikinta, wanda kamfanin ya ce yana ɗaukar shirye-shirye na kimanin sa'o'i 110. Mutum na iya tsayar da shiri ana cikin nuna shi, ya tafi ya yi salla ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yana iya mayar da shi baya ya sake kallon ƙwallon da aka zura, ko ya ba ta umarnin naɗar wani shiri yana kallon wani. Abin da ya bambanta ta da na baya shi ne tana kama intanet da kanta ba tare da an jona mata waya ba, an kuma saka mata manhajoji irin su Netflix da YouTube, sannan tana iya fitar da hoto mai matuƙar kyau da ake kira 4K, wanda da shi aka nuna gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022.

Waɗannan ba abin rainawa ba ne. Manomin da ya wuni a gona lokacin girbin masara zai so ya dawo ya tarar da labaran da suka wuce shi. Uwargidan da hidimar girki ta hana ta kallon Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in za ta so a ajiye mata. A watan azumi kuwa, naɗar shiri na raba gardama tsakanin sallar tarawihi da wasan da aka sa da daddare. Akwai kuma lambar sirri da maigida zai iya kulle tashoshin da bai yarda yara su kalla ba, abin da ko ƙananan dikodoji suna da shi, sai dai da yawa daga cikin iyaye ba su taɓa buɗe wurin ba.

To amma tukunya komai kyanta ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku, kuma duwatsun wannan na'ura su ne wutar lantarki, da sabis na intanet, da kuɗin wata. Idan ɗaya ya goce, miya ta zube.

Mu ɗauki wuta. Dikoda ba ta naɗar abin da aka nuna tana a kashe. Idan ka umarce ta da ta ajiye maka shirin ƙarfe takwas, aka ɗauke wuta ƙarfe bakwai da rabi, to shirin ya tafi. Wato dai babbar fasahar da aka ƙara mata kuɗi dominta, ta kallon abin da ya wuce ka, an gina ta ne a kan zaton cewa gidanka ba ya rabuwa da wuta. Jihar Katsina tana ƙarƙashin kamfanin KEDCO ne tare da Kano da Jigawa, kuma tun da aka ƙarfafa tsarin rarraba masu amfani da wuta rukuni-rukuni a watan Afrilun 2024, inda aka yi wa 'yan rukunin A alƙawarin sa'o'i 20 a rana, kowa ya san garuruwan karkara ba su ne a sahun gaba ba. Akwai ƙauyukan da turakun wuta suka zama wurin ɗaure awaki. Bugu da ƙari, rumbun ajiyar da ke cikin babbar dikoda faifai ne mai juyawa, kuma ba abin da yake ƙi kamar a riƙa katse masa wuta yana cikin aiki. Haka nan wutar da kan zo da rauni ko ta zo da ƙarfi fiye da ƙima, da tsawar damina da kan biyo wayar dish, duk suna iya ƙona ta a dare ɗaya. Mai janareta kuma ya san yadda lissafinsa ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A nan, ƙaramar dikoda da ba ta cin wuta sosai, wadda batir da farantin sola ɗaya za su riƙe ta tare da ƙaramar talabijin, ta fi babbar amfani nesa ba kusa ba.

Dutse na biyu shi ne sabis. Netflix da YouTube da ke cikin dikodar ba ta dish suke saukowa ba, ta intanet suke zuwa, kuma data ɗinka suke ci. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon sa'a ɗaya a hoto mai kyau na iya cin data har gigabait 3, a 4K kuwa har gigabait 7. Banda wannan, kuɗin Netflix daban ne da kuɗin DStv. Idan aka tuna cewa a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, sai a ga cewa fim ɗaya na iya lashe abin da ɗalibi ke saye ya yi mako yana karatu da shi. Wannan ma idan sabis ɗin yana da ƙarfin ɗaukar hoto ke nan, alhali a wurare da dama sai an hau tudu ko an fita bakin titi kafin saƙon WhatsApp ya tafi.

Mutanen wannan yanki sun ga abin da ya fi raunin sabis. A watan Satumban 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 domin daƙile 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da maƙwabtansu irin su Ɗandume da Bakori da Funtuwa da Malumfashi. Kafin nan an hana sayar da fetur a jarka, an kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Aka shafe watanni a haka. A wancan lokaci waya ta zama fitilar hannu, amma dish bai daina aiki ba, domin shi daga sama yake karɓar saƙo kai tsaye, ba ruwansa da turken kamfanin waya. Rediyo ma haka. Duk wanda ke da dish na kyauta da ɗan batir ya ci gaba da sanin halin da duniya ke ciki. Wanda ke kan tsarin biya kuma, da zarar watansa ya ƙare, sai ya yi tattaki zuwa inda ake samun sabis kafin ya sabunta, domin biyan kuɗin ma ta waya ko ta na'urar POS ake yi. Duk wata fasaha da ta dogara da intanet kuwa ta mutu murus.

Wannan darasi ya wuce batun nishaɗi. Iyayen ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara da aka sace a watan Disamban 2020 sun san darajar labari ingantacce a daren da jita-jita ta yi yawa. A yankin da rashin tsaro ya addaba, na'urar da ke kawo labari ba kayan ado ba ce, kuma ma'aunin kyanta shi ne ta yi aiki a ranar da komai ya tsaya.

Dutse na uku shi ne kuɗin wata, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Kamfani na iya karya farashin dikoda, domin ba a kanta ribarsa take ba, a kan abin da za ka riƙa biya duk wata ne. Daga ranar 1 ga Maris, 2025, babban tsarin DStv na Premium ya koma Naira 44,500 a wata, Compact kuma Naira 19,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000. Dikodar da ka saya da kuɗinka a kulle take, ba za ta karɓi tashoshin wani kamfani ba. Shirye-shiryen da ka naɗa su ma a kulle suke, ba ka iya kwafe su zuwa waya, kuma amfani da fasahar naɗin yana tafiya ne da biyan kuɗi. Sannan kwana 30 ɗinka suna tafiya ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, ko kana gida ko ka kwana a wani gari saboda fargaba. 'Yan majalisar tarayya sun sha kiran a koma tsarin biyan abin da mutum ya kalla kawai, kamfanin kuma yana cewa yadda yake sayen haƙƙin nuna wasanni bai ba da damar haka ba. StarTimes, wanda ya shigo Nijeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya ɗan sassauta tun 2017 da tsarin biyan rana da na mako, wanda ya fi dacewa da mai samun kuɗi ranar kasuwa.

Akwai wasu iyakoki biyu da mai talla ba ya faɗa. Na farko, hoton 4K ba ya fita sai talabijin ɗin ita ma ta 4K ce, kuma shirin da shi aka watsa shi. In ba haka ba, ka sayi doki ne ka ɗaure a turke. Na biyu, duk tsadar dikoda, idan hadari ya haɗu ruwa ya sauko da ƙarfi, hoto zai tsinke, domin ɗigon ruwa na raunana saƙon da ƙananan dish ke karɓa daga tauraron ɗan'adam. Guguwar farkon damina kuma kan karkatar da dish, sai an nemo mai saiti. Dikodojin eriya irin na GOtv ba su cika wannan matsala ba, amma su kuma sai kana kusa da turken watsa shirye-shirye, kuma turakun a manyan birane ake kafa su. Saboda haka kada mutumin Yankara ko Damari ya sayi dikodar eriya don ya ga tana aiki a gidan ɗan'uwansa a Kano, sai ya ga tana aiki a gidan maƙwabcinsa.

Gwamnati ma tana da nata kason. Yarjejeniyar da aka cim ma a Janeba a 2006 ta sa ranar 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin komawa watsa talabijin ta tsarin dijital, kuma Nijeriya ba ta cika ba. An ƙaddamar da gwaji a Jos a watan Afrilun 2016 da akwatin FreeTV, aka bi da Abuja da Kaduna da wasu birane, Kano kuma ta samu nata a watan Nuwamban 2021. An yi alƙawarin tashoshi masu yawa a kan kuɗi kaɗan a shekara, amma alƙawarin bai isa ƙauyukan da suka fi buƙatarsa ba. Wannan giɓi ne ya sa jama'a suka nema wa kansu mafita da dish da risiba ta kyauta, inda suke kallon Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da Sunnah TV da Manara TV da sallolin Harami kai tsaye, ba tare da biyan ko sisi a wata ba.

Shawarata ga mai niyyar saye ita ce ya fara da lissafin shekara, ba farashin kwali ba. Ya haɗa kuɗin wata 12, da na mai ko sola, da na data idan zai yi amfani da intanet, da ladan mai saiti. Ya tambayi kansa sa'o'i nawa yake samun wuta, kuma me iyalinsa suka fi kallo. Idan shirye-shiryen Hausa ne da wa'azi da labarai, risiba ta kyauta ta wadatar. Idan ƙwallon Ingila ce, ƙaramar dikoda za ta nuna masa wasan da babbar za ta nuna, matuƙar ya biya tsarin da wasan yake ciki. Ya sayi na'urar daidaita wuta, ya kuma riƙa zare wayar dish idan ana tsawa. Ya karɓi rasit da takardar garanti daga dillalin da aka sani, ya tambayi inda ake gyara, domin idan sai an kai Katsina ko Zariya, kuɗin mota ma wani farashi ne. Mai gidan kallo kuma ya sani cewa kamfanoni suna bambanta rajistar gida da ta kasuwanci, don kada ya gina sana'arsa a kan abin da za a iya yanke masa rana tsaka.

Ga kamfanonin kuwa, idan da gaske suna son kasuwar karkarar Arewa, abin da ake buƙata a bayyane yake: dikoda mai jure raunin wuta kuma mai aiki da sola, da damar dakatar da kwanakin biya idan mutum ya yi tafiya ko wuta ta lalace, da katin sabuntawa da za a iya saye a shago, da bayanin allo da Hausa. Hukumar NBC da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, su tilasta a riƙa rubuta wa mai saye ƙarara wace fasaha ce ke buƙatar intanet, wace ce kuma ke buƙatar ƙarin kuɗi. Gwamnatin jiha da wakilanmu a majalisa su kuma su tuna cewa gyaran layin wuta da tsare turakun sadarwa a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara shi ne zai sa kowace irin na'ura ta yi amfani, ta kallo ce ko ta asibiti ko ta makaranta.

Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Kafin a kai ga wancan gyara, dikodar da ta fi dacewa da mutumin wannan yanki ita ce wadda batirinsa zai iya riƙewa, aljihunsa kuma zai iya ciyarwa har shekara ta zagayo. Allah Ya zaunar mana da yankunanmu lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.