Wanda Ya Tashi Daga Ciwon Daji Ba Ɗan Ƙwaya Ba Ne

Mai karatu, idan ƙaninka ya dawo Wonaka daga jinyar ciwon daji a Shika ko Sakkwato, har yanzu yana kukan zogi, kada ka ce raki ne. Tiyata da gashi da allunan kashe daji sukan bar jijiyoyi da raɗaɗi na watanni, har shekaru, bayan cutar ta kau.

Tun da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, muka ɗauki ɗabi'ar zargin duk matashin da ya nemi maganin ciwo mai ƙarfi. Zalunci ne wannan. Kunyar zargin ce ke rufe masa baki a gaban likita, ta tura shi wurin 'yan tallar magani, masu tiramol mai miligiram 225, alhali NAFDAC ba ta amince da wanda ya haura 100 ba. A hannunsu sabo yake kama shi, wani har da jijjiga.

Raka shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ya bayyana komai ba ɓoye-ɓoye. Zogin jijiya yana da magungunansa daban, irin su amitriptyline. In kuwa ya daɗe yana shan tiramol, likita ne zai rage masa sannu a hankali, domin yankewa rana ɗaya tana kawo zufa, rawar jiki da rashin barci.